Jifa Shida a Gaban Surukina

Shekaru sun goge abubuwa da yawa daga kaina, har da sunayen wasu ɗaliban da na koyar da bakina. Amma ranar da na tsaya a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, surukina yana gabana riƙe da sanda yana jiran in jefo, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta daki-daki. Ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a cikin garin Mubi. Muna da malamin wasanni, mutumin Michika, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ban taɓa ganinsa babu usur a wuya ba, har a wurin ɗaurin aure. Wata shekara aka tura shi kwas kudu, ya dawo da buhu guda a kafaɗa. Mu muna zaton tsaraba ce, muka taru a ofishin malamai muna ta yi masa sannu da zuwa fiye da yadda muka saba. Da ya zazzage buhun sai ga kulake biyu masu kama da taɓarya, da wasu manyan safunan hannu na fata, da fararen ƙwallaye masu tauri, da wani tsohon littafi wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Ya ce wannan wasan Amurkawa ne, sunansa besbol, kuma shi Allah ya zaɓa ya kawo shi Mubi. Malamin Arabiyya ya leƙa cikin buhun ya tambaya ko babu ko ɗan ƙullin garin kwaki a ƙasa.

Wasan ba shi da wuyar ganewa in ka cire surutun malamin. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo, wani daga ɗaya ɓangaren yana ƙoƙarin maka mata kulki. In ya same ta, sai ya ruga ya zagaya tashoshi uku da aka ajiye a fili ya dawo inda ya tashi, dawowar nan ita ce ci ɗaya. In ya ga ba zai kai ba, yana iya tsayawa a tasha ya jira na bayansa ya buga. In an jefo masa mai kyau sau uku ya kasa bugawa, ya fita ke nan. In kuwa mai jifa ne ya ɓata jifa sau huɗu, ya yi sama ko ya yi gefe, sai a ba mai bugu tashar farko kyauta. Mutum uku suka fita, sai a yi musanya, masu jifa su koma bugu. Iyakar abin ke nan, amma malamin nan sai da ya ɗauki mako biyu yana bayani.

Abin da ya fi so a duk kayan shi ne littafin. Tarihin wasan ne tun farkonsa, da hotunan wasu Turawa masu gashin baki kamar ƙahon bauna, kowanne ya murtuke fuska. A can ƙarshe akwai wani jeri na sunaye, shekara bayan shekara, na masu jifan da suka fi kowa yin abin da malamin yake kira shatawut. Wato mutum ɗaya ya yi jifa tun daga farkon wasa har ƙarshe, ba a canza shi ba, kuma abokan karawa su tashi ba su ci ko ɗaya ba. Mu da bakinmu ya kasa ɗaukar kalmar sai muka sa mata suna kulle ƙofa. Malamin yakan zauna a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta yana bin sunayen nan da yatsa kamar wanda yake karanta sunayen kakanninsa. Ya ce mutanen farko ba su san a canza mai jifa don ya gaji ba, kuma tun ba a fara sa safar hannu ba suke tare ƙwallon nan da tafinsu. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, ban ma iya furta sunayensu daidai ba, amma a hankali sai na ji suna burge ni.

Ni kuwa ɗan magina ne. Kakana daga wajen Kano ya zo Mubi da sana'ar gini, mahaifina ya gaje shi, ni kuma kafin boko ya ɗauke ni na yi shekaru ina tsaye a gindin katanga ina cilla wa mahaifina tubali da curin laka yana cafewa a sama. Wanda ya yi wannan aikin ya san ba a kuskure. In ka jefa gefe, tubalin kanka zai dawo, in kuma bai dawo kanka ba, zagi zai sauko a madadinsa. Ranar da aka fara gwada mu, kowa ya ɗaga hannu ta sama ya wurga, ƙwallo ta yi inda ta ga dama. Da aka zo kaina sai na lilo hannu ta ƙasa yadda na saba, ƙwallon ta tafi ɗoɗar ta faɗa cikin safar mai tarewa. Na sake, ta sake faɗawa wuri ɗaya.

Malamin wasanni ya saki usur daga bakinsa. Ya ce, "Malam, wa ya koya maka wannan? Mutanen farko ɗin nan, haka suke jifa, ta ƙasa! Yana cikin littafi!"

Na ce babana ne, kuma bai taɓa jin labarin Amurka ba sai a rediyo.

Washegari ya kira ni gefe ya buɗe shafin ƙarshe na littafin. A ƙasan sunayen Turawan nan ya ja layi da rula, ya rubuta Mubi da jan biro, ya bar fili a gabansa. Ya ce duk wanda ya fara kulle ƙofa a wasa na gaske, sunansa zai shiga nan. Yanzu in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Magidanci da ni, mai mata da ɗa, wai abin da ke hana ni sukuni shi ne a rubuta sunana da biro a littafin da ba shi da bango. Amma gaskiya ita ce na so abin nan har cikin raina. Na kai ga ina jifan bangon bayan gidanmu da yamma, har maƙwabcina ya aiko a tambaya ko lafiya.

Matsalar ita ce babu wanda za mu kara da shi. Duk faɗin Mubi mu kaɗai muka san wasan, mu ɗin ma malamai ne da maigadi da masinja. Sai malamin ya tuna yana da gona a wani ƙauye a gefen Digil. Ya riƙa ɗaukar kulki ɗaya a bayan babur duk Asabar, in an tashi daga aiki ya tara samarin garin ya koya musu. Ashe ya tono mana aiki. Mutanen da suka tashi da sanda a hannu tun suna bin maruƙa, ba sai an koya musu yadda ake kai duka ba. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato ya sa su ajiye kulkin in sun buga. Makiyayi ba ya yar da sandarsa ya ruga, don haka da ita suke zagaya tashoshin, masu tsaron tasha suna kaucewa.

Wannan ƙauyen kuwa garin matata ne. Mahaifinta dattijo ne da ake jin maganarsa a wurin, manomi kuma mai shanu, dogo siriri, ba ya da yawan magana. Shekara huɗu ke nan da ya ba ni 'yarsa, kuma a shekara huɗun nan ban taɓa kallon tsakiyar fuskarsa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. In na hango shi a hanya sai in sauka daga babur tun daga nesa, in tuɓe takalmi, in tsuguna, idona a ƙasa har ya wuce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ko mai irin sunansa na haɗu da shi sai in nemo masa laƙabi. Da za a jera mini ƙafafun dattawan Digil gaba ɗaya, da na ware nasa ba tare da na yi tunani ba, har da farcen babban yatsansa na hagu da saniya ta taɓa takawa. Fuska kuwa sai dai in yi kame-kame.

Aka sa ranar wasa bayan an gama girbin dawa, ranar Asabar bayan azahar, a filin firamaren garin. Matata ta ce ita ma za ta je ta gaida gida. Da safe tana ɗaura wa yaro zane ta dube ni ta ce, "Malam, ka dai yi a hankali. Garinmu za ka. In ka kunyata su, ni za a yi ta yi wa gori a gidan biki."

Na ce, "Ba kunyata kowa zan yi ba, tarihi zan kafa."

Ta ce, "To Allah ya ba da sa'a, mai tarihi."

Muka tafi a bayan a-kori-kura, mu goma sha ɗaya da buhun kaya. Mun tarar garin ya fito kaf. An cika buhunan taki da yashi an ajiye a matsayin tashoshi, an jingina allon aji a jikin bishiya don rubuta ci. Mata sun jeru a inuwar ajujuwa, dattawa kuma an shimfiɗa musu tabarmi a ƙarƙashin wata tsamiya. Na je na tsuguna na gaida ƙafafun da na sani, na taso. Malamin wasanni shi ne alƙali, kuma aka yi yarjejeniya kowane ɓangare zai yi bugu sau biyar, don a tashi kafin la'asar ta yi nisa.

Kyaftin ɗinsu ƙanin matata ne, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya hutawa. Adda yake kiran yayarsa, ni kuma mijin Adda. Tun kafin a fara ya ɗaga murya ya ce, "Mijin Adda, yau alli ba zai cece ka ba! Nan ba aji ba ne!" Na ce masa ya adana numfashinsa, zai buƙace shi wajen komawa inuwa.

Ranar hannuna ya yi mini biyayya yadda bai taɓa yi ba. Sun saba da jifan malamin wasanni wanda yake zuwa ta sama, nawa kuwa daga ƙasa yake tasowa, kafin su gane inda ya dosa ya wuce. Ƙanin matata ya kai duka uku, duka ukun iska ya samu, na uku har sai da ya juya ya zauna a ƙasa. Garin ya kwashe da dariya, har da 'yan'uwansa. Mu kuma muka lallaɓa muka ci shida, yawanci saboda su ba su saba da safar hannu ba, sai su cire ta su ajiye in sun ga ƙwallo ta taho. Karo na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, ana ta zana musu sifili a allo. Duk sifilin da aka zana sai in saci kallon littafin da ke leƙowa daga aljihun malamin. Na riga na fara tunanin ko da cikakken sunana za a rubuta ko da na makaranta.

A karo na biyar, na ƙarshe, kafaɗata ta fara yi mini nauyi. Na fitar da mutum biyu da ƙyar. Sannan ƙanin matata ya samu ƙwallon ya kai tasha, na bayansa ma ya samu, na uku kuma maigadinmu ya saki ƙwallon da ta faɗo masa a hannu saboda yana gyara hula. Sai ga tashoshi uku duk da mutum a kai, ƙanin matata yana ta uku, taku kaɗan ya rage masa ya dawo gida. Mutum ɗaya ya rage mini. In na fitar da shi na kulle ƙofa, in kuwa ko mutum ɗaya ya dawo, shi ke nan an gama da ni.

Aka kira wanda zai buga, aka ce ba ya nan. Wai an aiko cewa saniyarsu tana naƙuda a bakin mayo, wato kogi, ya ajiye wasa ya tafi. Malamin wasanni ya ce to a kawo wani, in babu kuwa wasa ya ƙare. Samarin suka tsaya kallon juna, don duk wanda ya iya ya riga ya shiga. Ni har na fara murmushi. Sai na ji filin ya yi tsit, na waiga wajen tsamiya, na ga ƙafafun nan da na sani suna shiga takalmi.

Surukina ya taso a hankali, ya naɗe hannun rigarsa ya ɗora a kafaɗa. Aka miƙa masa kulki, ya jinjina shi, ya mayar. Ya ce wannan na daka ne, a kai wa mata. Da sandarsa ta kiwo zai buga, wata mai kauri da ta sha hannu har ta yi sheƙi. Malamin wasanni ya buɗe littafi ya rufe, ya dubi yawan mutanen garin, ya tuna gonarsa a ƙasar wa take, ya ce babu laifi.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba, sai dai in ce tsoro ne da kunya suka haɗu suka rufe ni. Mai jifa dole ya dubi wanda yake jefa wa, ni kuwa wannan mutumin ban taɓa dubansa ba. In na fitar da shi, na kunyata uban matata a gaban garinsa da jikokinsa. In na sassauta masa ya buga, sunana ya tafi. Kuma kafin a kai ga wannan duka, ta yaya ma zan ɗaga hannu in wurga wani abu mai tauri wajen surukina, mutane suna kallo?

Na sunkuyar da kai, na dubi takalmansa, na jefa. Inda ido yake nan hannu yake zuwa, ƙwallon ta daki ƙasa a gaban ƙafarsa ta tayar da ƙura. Malamin ya ce ya ɓaci, ɗaya. Na biyu sai na ce bari in kawar da kai gefe, ƙwallon ta bi gefen ta nufi inda mata suke, suka watse da ihu. Na uku na rufe ido gaba ɗaya, aka ce mini ta bi ta saman kan alƙali. Uku ke nan. Ƙanin matata yana tsalle a kan buhun taki yana cewa, "Saura ɗaya, mijin Adda! Ka ƙara rufe ido, yana maka kyau!"

Surukina bai ko motsa sandarsa ba. Ya juya wajen malamin wasanni ya ce, "In ya sake ɓata, mene ne zai faru?"

Malamin ya ce, "Baba, sai ka tafi tasha na farko kyauta. Kowa ya matsa gaba, yaronka ya shigo gida, kun ci ɗaya."

"Kyauta?"

"Kyauta, Baba. Haka doka ya ce."

"Ban buga komai ba, a ce na ci?"

Ya ɗaga hannu alamar a dakata, ya tako zuwa tsakiyar fili inda nake. Ni kuwa jikina ya riga hankalina, kafin ya iso na tuɓe takalmi na tsuguna, da safar hannu da ƙwallo da komai, ina cewa, "Sannu Baba, an wuni lafiya, ya gida, ya shanu." Ina jin dariyar mutane tana yawo a gefen fili. Ya bar ni na gama gaisuwata tsaf, ya amsa kowacce.

Sannan ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce, "Malam, tashi." Na tashi, kaina a ƙasa. Ya ce, "Shekara huɗu hulanka kawai nake gani. Na san mai ruwan toka, na san na Sallah, na san wanda ya yage a baya. Mutumin da ke ciki ne ban sani ba. Yaran nan tun rana kana fitar da su da ƙarfinka. Ni da na zo sai ka ba ni sadaka? Na tsufa ne har haka?"

Na ce, "A'a Baba, wallahi ba haka ba ne. Kunya ce."

Ya ce, "Kunyanka na gani, useko, na gode. Yanzu ka ajiye shi a nan kusa da takalminka, in an gama ka ɗauka. Ka dube ni, ka jefo irin wanda ka jefa wa yarona."

Ya juya ya koma wurinsa. Na sa takalmi. Na ɗaga kai da ƙyar, kamar wanda aka ɗora wa buhun masara a wuya, na dube shi.

Ashe yana da tabo a saman girar dama, wanda daga baya na ji ƙaho ne ya yi masa tun yana saurayi. Gemunsa bai kai yadda nake zato fari ba. Ya ɗan kanne ido ɗaya saboda rana, kuma dariya yake yi, ba ta fito fili ba amma tana nan. Da ya buɗe baki sai na ga wushirya, irin ta matata sak. Shekara huɗu ina kallon wushiryar nan a gidana, ban taɓa sanin inda ta samo ta ba. Nan take na ji ina ƙaunar dattijon nan, ba girmamawa kawai irin ta da ba.

Na lilo hannu na saki jifan da ya fi kowanne ƙarfi a ranar. Ya kai duka, ya samu iska. Filin ya ɗauki "Kai!" Shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa." Na biyu ya wuce ta ƙarƙashin sandarsa, ya sake kuskure. Yanzu ɓatacce uku, mai kyau biyu, jifa ɗaya ya rage ko ta wane hali. Na hango matata ta miƙe tsaye da yaro a baya, ta dafe baki da mayafi, kuma har yau ta ƙi gaya mini wa take goyon baya a lokacin.

Ba zan yi ƙarya ba, ban sassauta ba ko kaɗan. Na so in fitar da shi, na kuma jefa da duk abin da ya rage a kafaɗata. Abin da ban lissafa ba shi ne, mutumin da ya shekara hamsin yana kashe maciji a cikin ciyawa da sanda, sau biyu kawai yake buƙatar ganin abu ya gane tafiyarsa. Na ji ƙara ƙwal, na ɗaga kai, ƙwallon ta bi ta saman kaina, ta wuce masinja, ta wuce ƙarshen fili, ta faɗa cikin tarin karan dawa.

Garin ya ruɗe. Mata suka saki guɗa, samarin nan uku suka shigo gida a guje ɗaya bayan ɗaya, ƙanin matata har da tsayawa ya yi mini rawa. Surukina kuwa bai yi gudu ba. Ya saɓa sandarsa a bayan wuya, ya rataya hannuwa a kai yadda makiyaya ke yi, ya kama hanya a hankali. A tashar farko ya tsaya ya gaisa da mai tsaronta. A ta biyu ya tambayi maigadinmu mutanen gida. Kafin ya kai ta uku an tono ƙwallon an cillo wa malamin Arabiyya, wanda yake tsaron wurin. Abin da kawai zai yi shi ne ya taɓa dattijon da ita, ya fita. Malamin wasanni ya manta shi alƙali ne, yana ihu yana cewa, "Taɓa shi! Taɓa shi mana!" Malamin Arabiyya ya dubi ƙwallo, ya dubi furfura, ya ɓoye hannunsa a baya ya rusuna ya ce, "A sauka lafiya, Baba." Haka surukina ya taka har gida, aka goge wurin sifili aka rubuta huɗu.

Na fitar da na bayansa, wasa ya tashi shida da huɗu. Mu muka yi nasara, amma babu wanda ya lura, har mu ɗin. A hanyar komawa malamin wasanni ya yi ta huci a bayan mota, wai a duk tarihin wasan nan babu inda aka taɓa jin mai tsaron tasha ya yi wa abokin karawa a sauka lafiya. Layin da ya ja a littafi ya zauna babu suna. Ba mu sake yin wasa na gaske ba, don kafin wata kakar an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da buhunsa. Na ji zafin abin kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Matata kuma ta shekara tana kirana mai tarihi in tana son ta tsokane ni.

Tsakanina da surukina komai ya koma yadda yake. Mako na gaba da na hango shi a hanyar kasuwa na sauka daga babur, na tuɓe takalmi, na tsuguna, idona a ƙasa. Shi ma bai sake cewa in ɗago ba. Sai dai tun daga ranar in ya amsa gaisuwata akwai wani abu a muryarsa, kamar mutum biyu da suka san wani zance da sauran jama'a ba su sani ba. An ce mini a majalisarsu yakan ce duk Digil babu mai hannun mijin 'yarsa, shi kansa sai a na uku ya same shi.

Allah ya yi masa rasuwa bayan wasu shekaru. Ranar da aka kai shi, ina tsaye a bakin kabari sai na gane cewa duk zaman da muka yi, sau ɗaya tak na ga fuskarsa sosai, a tsawon jifa uku. In na tuna shi yanzu ba ƙafafu nake gani ba. Dattijo nake gani cikin rana, ya kanne ido ɗaya, yana mini dariya da wushiryar 'yarsa.

Abin da na koya shi ne sunkuyar da kai girmamawa ce, kuma har gobe ina yin ta, amma ba ita kaɗai ce girmamawa ba. Wani lokaci babba ba ya son a lallaɓa shi, so yake a dube shi a ba shi iyakar ƙarfi, a ɗauke shi a matsayin wanda har yanzu zai iya. Da na ci gaba da kallon ƙasa na ɓata jifa na huɗu, da na rasa kulle ƙofar, na kuma rasa fuskarsa. Da na ɗaga kai, ɗaya kawai na rasa, kuma ba ita ce mai tsadar ba.